Bakan da Gende Bai Ƙarasa Ba

Duk wanda ya taɓa aikin gadi a garin Lae na bakin teku ya san Kawage. In bai san fuskarsa ba, ya san aikin hannunsa. Bakunkunan nan da ake gani a jingine a ƙofar kantuna da ɗakunan ajiya, kusa da kujerar maigadi, a cikin uku biyu daga rumfar bayan gidansa suka fito, a unguwar Kamkumung. Shi ma maigadi ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙofar wani kamfanin katako, har da gwiwarsa ta fara ciwo aka bar masa aikin rana kawai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance, kuma in zai ce a'a sai ya fara shafa gemunsa da bayan hannu.

A kan duwatsun Simbu aka haife shi, sama da Kerowagi, inda hazo ke kwanciya a gonakin dankali har hantsi. A wurin ubansa ya koyi sana'ar: a faskara limbum, baƙin icen nan dangin kwakwa, a bar shi ya sha iska, a yi ta kankara da hauren alade, a lanƙwasa a gwiwa a duba, a sake kankarewa. Tsarkiya ta tsagin gora ce, kibiya ta kyauro. Amma duk shekarun da ya yi yana koyo, ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ake shafa wa baka don kada laima ta ci shi, domin a can ba wanda ya san akwai wannan tambayar. Ana gama baka sai a soke shi a rufin ɗakin maza, inda wuta ba ta mutuwa, hayaƙi ya yi ta dukansa shekara da shekaru. Ranar biki, in an ci nama, mutum ya goge maiƙon hannunsa a jikin bakansa. Iyakar abin ke nan. Bakan da aka ba Kawage ranar da zai sauko Lae kakansa ne ya sassaƙa shi, kuma har ranar yana harbi.

Bakan bai cika shekara a Lae ba. Garin nan ruwa ne sama da ƙasa; daga Mayu zuwa Oktoba rigar da aka shanya sai ta yi kwana uku ba ta bushe ba. Kawage ya ji bakan ya fara nauyi a hannu, in an ja shi ba ya komawa da zafinsa na da, sai ya yi abin da ya sani. Ya sayi kitsen alade ya mulke shi tun daga sama har ƙasa. Cikin mako guda ɓeraye suka gaigaye masa kai. Har ubansa ya rasu bai gaya masa ba.

Daga baya ya samo dabarar da ta ishi masu gadi: mako uku a rumfar girki, sannan a goge da baƙin man mota. Irin wannan bakan shekara biyu yake yi ya saki, mai shi ya dawo a yi masa wani. Ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi, don yawancinsu ba a taɓa harba su ba. Ɓarawo ya hango baka daga nesa ya sake hanya, aikin baka ya ƙare. Kawage ya san ba irin na kakansa yake yi ba, kuma bai taɓa cewa irinsa ne ba.

Matarsa Rosina tana sayar da dankali da kabeji a babbar kasuwa. 'Ya'yansu mata uku sun yi aure sun watse, sai autansu Gende, namiji ɗaya, wanda ya gama makarantar koyon sana'a ya zama kafinta a wani shagon kujeru. Yana da shekara ashirin da huɗu, kullum da fensir a bayan kunne, ko coci za shi sai uwarsa ta zare masa a bakin ƙofa.

A al'adar mutanen Kawage, abu mai kyau na farko da ɗa ya yi da hannunsa na kawunsa ne, ɗan'uwan uwa. Kawun Gende shi ne Mondo, yayan Rosina, manomin kofi a ƙauye. Gende ya yi kujeru da tebura ba iyaka, amma ya ce waɗannan na mai shago ne, ba nasa ba. Sai ya kira kawunsa a waya ya ce masa ya saurare shi ran Kirsimeti, zai kawo masa bakan da zai kunyata duk na ɗakin maza. Mondo ya yi dariya har da tari, ya ce ɗan birni ya fara koyon ɗaura tsarkiya tukuna.

Gende ya zaɓi ice mafi kyau a rumfar ubansa, ya kama aiki ranakun Lahadi. Amma ba yadda uban ke yi ba. Sai ya kafa ƙusa a bango ya rataye bakan, ya ɗaura buhun shinkafa mai kilo goma a tsarkiyar, ya ja da baya ya tsaya yana kallo. Duk inda ya ga icen ya ƙi lanƙwasa, sai ya zare fensir ya zizzirga a wurin, ta cikin bakan inda icen yake da haske, ya rubuta lamba ƙarama a gefe.

"Baba, zo ka ga nan. Ƙasan nan ya fi saman tauri."

"Ni ban gani ba."

"Ai shi ya sa na kawo fensir. Idon naka ya kusa ritaya."

"Kakana da ya harbo tsuntsu daga kan wancan dutsen, buhun shinkafa ya tambaya?"

"Da yana da shinkafar ai da ya tambaya."

Kawage ya shafa gemu ya ce ƙasan lafiyarsa lau, in ya ƙara kankarewa zai lalata ice mai kyau. Gende ya ce to, ya bar zanensa a wurin.

A watan Afrilu zazzaɓi ya kama Gende ranar Talata. Ranar Asabar da hantsi ya rasu a asibiti. Aka hau da gawar ƙauye aka binne shi a gefen gonar kakansa.

Da suka dawo Lae, Rosina ta yi abin da kowace uwa take yi a wurinsu. Kayan mamaci ba a amfani da su, ba a raba su, ba a ma duba su, sai dangin uwa sun zo sun kwance da hannunsu. Ta tattara tufafinsa da takalmansa da akwatin kayan aikinsa da bakan. A ƙauye a rufin ɗaki ake ɗaure irin wannan ƙunshi, hayaƙi ya tsare shi har ranar da za a sauke. A nan kwanon ɗakin Gende yana yoyo ta kusurwa ɗaya, saboda haka ta naɗe komai a cikin shuɗin tamfol, ta ɗaure da igiya tamau, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo.

Mondo ya ce zai sauko bayan mako biyu. Sai kofi ya nuna, ba hannun da za a bar wa gona. Da ya gama tsinka, ƙasa ta zabtare ta rufe hanya. Ruwa kuwa ya sauka a Lae kamar yadda ya saba. Kawage yakan wuce ƙofar ɗakin kowace safiya da takalman aikinsa a hannu, kuma ya san sarai abin da ke faruwa da ɗanyen limbum a cikin tamfol a irin wannan lokaci. Mabuɗin yana rataye a ƙusa kusa da madubi. Bai taɓa shi ba. Mako goma sha ɗaya aka yi.

Ranar da Mondo ya iso ya kwance igiyar, warin ne ya fara fitowa. Takalman sun yi fari fat da fumfuna, bel ɗin ya manne da wando. Bakan ya yi furfura ta baya, ya yi nauyi kamar an tsamo shi daga rafi. Kawage ya karɓa ya duba shi a hasken ƙofa, ya danna farce a wurare uku. Bai ruɓe ba. Ta ciki kuma zanen fensir yana nan duka, layi-layi, da lambobinsa.

Mondo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Suruki, yaron nan ya ce mini Kirsimeti. A watan ne za mu yi bikin rufe makoki. Ka ƙarasa shi ka hau da shi. A gaban mutane zan ja shi, in harba kibiya ɗaya, a san ɗan ƙanwata ya cika maganarsa."

"Zan ƙarasa," in ji Kawage.

Rosina ta bari sai da yayanta ya fita wanke hannu. Mace ba ta riƙe baka, saboda haka ta sunkuya kawai, hannayenta a baya, tana bin lambobin da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Baban Gende, duk abin da za ka shafa masa, kada ya rufe rubutun nan."

Kawage ya dubi lambobin. Hannunsa ya tashi zuwa gemu, sai ya mayar da shi.

Abu na farko shi ne a busar da icen a hankali, ba a rana ba, ba kuma a hayaƙi ba, tunda hayaƙi zai baƙanta rubutun. A kamfaninsu akwai ɗakin da ake gasa katako, bangonsa na waje kullum da ɗumi. Kawage ya goge fumfunar da busasshen ƙyalle, ya riƙa tafiya da bakan wurin aiki kowace safiya, ya jingine shi a inuwar bangon nan, da yamma ya dawo da shi a ƙarƙashin lema, shi kuwa ruwa na dukan kafaɗarsa. Mako biyar yana haka kafin nauyin ya ragu.

A cikin makonnin nan ne ya je bakin tashar jiragen ruwa wurin abokinsa Polume, mutumin tsibirin Manus, mai fentin jirage. Tun suna samari suke tsokanar juna. Ya same shi a ƙarƙashin wani kwalekwale da aka kife, yana tauna buwai, goron mutanen ƙasar, bakinsa ja wur.

"Ku mutanen dutse," in ji Polume bayan ya saurara, "kuna ganin ruwa sai ku ruga cikin hayaƙi kamar bandar kifi. Maganin ruwa ai wurinmu yake."

"Ku da ko alade ba ku iya ɗaurewa ba."

"Alade me zai yi a teku? Zo nan."

Ya jawo gwangwani biyu na banish, ruwan nan mai ƙyalli da ake shafa wa katako, irin wanda sai an haɗa biyun yake kamawa. Ya nuna masa daɓen katakon wani jirgi da ya shafa shekara huɗu da suka wuce, har yanzu mutum na ganin fuskarsa a ciki.

"Ka yi masa shafi uku. Jikokin jikokinka za su karanta rubutun kamar a bayan gilashi."

"Yana lanƙwasa?"

"Ka taɓa ganin jirgi ya lanƙwasa?"

"To baka yana yi."

Polume ya tofar da ruwan buwai gefe. Sai ya rage murya. "Ɗauki dai, ɗan'uwa. Yaron nan shi ya gyara mini ƙofar ɗakina, ya ƙi karɓar ko kwalbar lemo."

Kawage ya ɗauka. A hanyarsa ta gida ya biya kasuwa. Akwai wata tsohuwa 'yar Kutubu da ke zama a layin masu ganye da kwalaben man tigaso, baƙin man ice da ake shafawa a jiki ranar rawa. Ya sayi kwalba ɗaya. Ya sayi dunƙulen kakin zuma a wurin masu zumar Goroka. Tsohuwar ta tambaye shi ko rawa za shi da wannan gwiwar, ya ce mata baka ne zai yi rawar.

A buhun da Gende ke zuba ragowar itace ya sami tsagi-tsagin da aka cire daga jikin wannan bakan. Ya fere guda huɗu sirara, kowanne tsawon kamu. Sannan ya buɗe akwatin kayan aikin ya ɗauki fensir, karo na farko a rayuwarsa da ya riƙe fensir don aikin baka, ya zizzirga a jikin kowanne. Ɗaya ya sha banish shafi uku. Ɗaya man kwakwa, don maƙwabta sun dame shi da shi. Ɗaya baƙin man motar da ya saba. Na huɗu ya murza masa tigaso, ya ba shi hayaƙi, ya bi da kakin zuma. Ya rataye su a jere a bakin kwano, daidai inda ruwan rufi ke zuba, ya ƙyale su mako uku.

Rosina tana wuce su in za ta ɗebi ruwa a tanki. Ba ta tambaya ba, amma ya lura kullum a gaban na banish take rage tafiya.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci ya sauke su, ya kira ta. Na man kwakwa ya yi ɗoyi, kyankyasai sun lashe gefensa, fumfuna ta dawo. Na baƙin mai ya kumbura, ga shi yana ɓata hannu. Na tigaso ya yi baƙi wuluk, ruwa na tsayawa a kansa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, amma zanen fensir ya ɓace, ko an karkata shi a rana ba a gani. Na banish kuwa kamar yau aka yi shi, kowane layi a fili.

"To ai ga shi," in ji Rosina.

Kawage ya ɗora shi a gwiwa ya lanƙwasa a hankali, kamar yadda baka ke lanƙwasa. Suka ji wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, irin ta busasshen ganye. Ya miƙa mata kusa da ido. Ƙyallin ya tsattsage siri-siri kamar raga.

"Ta nan ruwa zai shiga," ya ce. "In ya shiga ba zai fita ba. Icen zai ruɓe a ciki, waje yana ƙyalli."

Ya lanƙwasa na tigaso har ya kusa haɗe bakinsa biyu. Shiru. Ya sake shi ya miƙe.

"To a bar shi kada a ja," ta ce. "A shafa na Polume a rataye."

"Yaya zai karɓi bakan da ba a ja?"

"Yayana zai karɓi duk abin da na ba shi."

"Zai karɓa. Ba zai ce komai ba. Amma duk wanda ya shiga ɗakin maza zai ga abin ado, ya ce ɗan birni bai iya ba." Sannan ya faɗi abin da ya yi wata biyu yana riƙewa. "Kuma ba man kaɗai ba ne, Maman Gende. Kin san me zanen yake nufi? Duk inda ya zana, cewa yake a kankare nan. Sai an kankare har zanen ya tafi, sannan bakan ya daidaita. In an ja shi yadda yake yanzu, karyewa zai yi. Ba wasiƙa ya bar mana ba. Aiki ya bari."

Rosina ta goge hannayenta a zaninta, duk da a bushe suke.

"Ni ban iya karanta aiki ba," ta ce. "Hannunsa na sani."

Ta shiga ɗaki. Kwana shida ba su sake tayar da maganar ba. Suna cin abinci tare, tana ba shi labarin kasuwa, yana ba ta na ƙofar kamfani. Bakan yana rataye a ƙusar da Gende ya kafa. Kawage bai taɓa shi ba, ko da yake Satumba ta kusa ƙarewa, kuma ya san shafin mai da hayaƙi kaɗai za su ci fiye da wata guda.

Ranar Asabar da yamma yana zaune a rumfa yana tsaga gora, sai ta zo ta tsaya a gaban bakan. Ta nuna wani wuri da haɓa, can kusa da kan bakan, faɗin tafin hannu. Layi biyar ne a wurin, da lamba bakwai, da wata 'yar kibiya da Gende ya zana tana nuna sama.

"Wannan ka bar mini. Sauran ka yi yadda ya ce."

Kawage ya tashi ya duba. Ya auna wurin da yatsunsa, ya bi icen zuwa ƙasa. In an bar nan da kaurinsa, abin da ya kamata ya ɗauka sai wurin da ke ƙasa da shi ya ɗauka.

"Saman zai yi tauri."

"Zai karye?"

"Ban sani ba."

Ta tsaya tana jiransa. Ya sake auna wurin da yatsunsa.

"Na bar miki," ya ce.

Washegari ya ɗauko hauren aladen ubansa ya fara daga ƙasa. Yana kankara, zanen yana bin ɓawon icen yana zuba a kan cinyarsa, lamba bayan lamba. Bai yi sauri ba. In ya gama wuri ɗaya sai ya rataye bakan a ƙusa, ya ɗaura buhun shinkafa, ya ja da baya. Da ya gama da ƙasan nan da suka yi gardama a kai, ya ja da baya ya duba, sai ya ga gefen ya sauko ya yi daidai da ɗan'uwansa kamar an zana da igiya. Ya zauna a kan turmi na ɗan lokaci. Bayan nan ya tashi ya share ɓawon, ya zuba a wuta.

Sannan mai. Ya naɗe wurin Rosina da ganyen ayaba ya ɗaure. Sauran jikin ya riƙa ɗiga tigaso kaɗan a tafin hannu yana murzawa har icen ya yi ɗumi, ya goge abin da bai shiga ba, ya rataye a hayaƙin rumfar girki kwana huɗu, ya sauke ya sake. Ya yi shafi bakwai. Maƙwabta suka yi ta mita cewa gidan Kawage wuta ba ta mutuwa, kamar masu gasa kifi. A ƙarshe ya narka kakin zuma a gwangwani, ya bi jikin bakan da shi da zafinsa, ya murje da ɓawon kwakwa har ya daina kama yatsa. Ya kwance ganyen, ya shafa wa wurin kaki zalla, siriri. Bakan ya fito baƙi mai sheƙi a natse, sai tabo ɗaya mai haske a kusa da kai, da lamba bakwai a ciki.

Ya watsa masa ruwa da kofi, ruwan ya gangare. Ya ɗaura sabuwar tsarkiya ya ja rabi, ya ƙara kaɗan, ya tsaya. Cikakken ja na farko na mai baka ne.

A Disamba suka hau. Ranar bikin an wayi gari da yayyafi, kuma bai ɗauke ba. Aka gasa aladu da dankali a rami, aka aske wa Kawage gemun da aska ba ta taɓa ba tun Afrilu, mata suka cire wa Rosina baƙaƙen tufafi. Da aka gama rabon nama, Kawage ya fito tsakiyar fili da bakan a hannu biyu ya miƙa wa surukinsa. Mutum ya fi ɗari biyu a wurin, tsofaffin ɗakin maza a gaba, kowannensu ya san baka kamar yadda ya san 'ya'yansa.

Mondo ya juya shi, ya shafa, ya shinshina. Ya ga tabon, ya ɗaga kai ya dubi ƙanwarsa a cikin mata. Ya zaɓi kibiya, ya kafa ƙafa, ya fuskanci wata ayaba a ƙarshen fili. Ya fara ja.

Kawage ba ayabar yake kallo ba. Idonsa na kan wuri ɗaya, ɗan ƙasa da tabon, kuma kunnensa yake amfani da shi fiye da ido. Tsarkiyar ta wuce inda shi ya tsaya a Lae. Ta kai haɓar Mondo, ta wuce zuwa kunne. Ɗigon yayyafi na taruwa a bayan bakan yana gangarewa. Ba ƙara.

Kibiyar ta shige jikin ayabar ta leƙo ta baya. Tsofaffin suka yi guɗarsu ta maza, gajeriya, sau ɗaya.

Mondo ya sauke bakan ya matso kusa da Kawage, yana maida numfashi. Ya yi magana yadda su biyu kawai za su ji.

"Yana da zafi, suruki. Amma saman ya ɗan yi tauri. Kafintan bai lura ba?"

"Ya lura. Ni na bari."

Mondo ya sake duban tabon, ya gyaɗa kai.

Da taro ya fara watsewa ya nufi ɗakin maza da bakan. Rosina ta biyo shi har inda mata ke tsayawa, taku goma daga ƙofa. A hannunta akwai ganyen ayaba da ta gasa a wuta don ya yi laushi, da ɗan zare.

"Yaya, kafin ka soke shi a rufi, ka ɗaure masa wannan a wurin."

"Ganye ba ya hana hayaƙin ɗakin nan, ƙanwata. Jinkirta shi kawai zai yi."

"Shekara nawa?"

Mondo ya dubi Kawage, don shi ne mai sana'ar.

"Uku," in ji Kawage. "In ana sake ganyen, wataƙila huɗu."

"To ka ɗaure," ta ce.

Mondo ya karɓi ganyen. Hannunsa ya yi kauri da aikin gona, zaren ya kuɓuce masa sau biyu, sai Kawage ya riƙe masa kan bakan har ya gama ƙullin. Suka sunkuya suka shiga da shi, ita kuma ta koma wurin mata, inda ake jiranta da rabon ragowar dankali.